Ranar da Aka Yanke Igiyar Famfo

Zango, Damagaram
Litinin, 22 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Albarka,

Kafin gaisuwa ga kashedi, kuma ka karanta shi sau biyu. Kada ka nemi izini wurin shugabanka, kada ka hau motar Tanut ka taho, kada ka kira ko abokinka ɗaya na jandarma a kan maganar ƙanwarka. In na ga ƙeyarka a ƙofar gidan nan da kakin gwamnati ban kira ka ba, to ba da Rifkatu za ka yi ba, da ni za ka yi. Na san zuciyarka, irin ta marigayi babanka Amos ce, ba ta jiran a gama magana.

Yanzu gaisuwa. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Tanut, ya ƙafar da ka gurɗe? Mu nan lafiyar jiki muna da ita, mun gode wa Allah.

Na san an riga an kira ka an ba ka labari guntu-guntu. Ni ba na zuba maganar gidana a waya, yau ka faɗa, gobe ka ji muryarka a teburin mai shayi. Shi ya sa na ba Tanimu direba wannan takarda.

Shekara uku ba ka yi bazara a gida ba, don haka bari in tuna maka yadda famfon ƙofar gidanmu yake tafiya. Yanzu sai kwana uku ruwa yake zuwa, da hantsi, kuma ba ya wuce awa biyu zuwa uku. Mutane suna ajiye bido, jarkokin ruwansu, tun kwana biyu kafin ya zo. Duk wadda ta kawo nata, ni da hannuna nake zura igiya ta mariƙin, bayan na wadda ta riga ta. Bakin igiyar a ɗaure yake a gindin dogon yaro. Kowane gida bido uku a zagayen farko, mai son ƙari ta koma ƙarshe. Masu kurar ga-ruwa sai gidaje sun gama. Shekara goma sha ɗaya ke nan tun da babanka ya bar mini makullin nan, ba a taɓa fizge ɗankwalin kowa a bakin famfona ba.

Laraba na tafi Zermu gaisuwar mutuwa. Malam Inusa ne ya rasu, mijin Larai mai kawo mana gero duk kaka. Shekara ashirin muna cin hatsin gonarsu, ba zan aika gaisuwa a bakin wani ba. Na rataya wa ƙanwarka Godiya makulli a wuya, na ce in ruwa ya zo ta bi igiya, kada ta dubi fuskar kowa.

Alhamis ruwa ya zo. An yi gida shida lafiya, sai ga Rifkatu, matar Dattijo Iliya mai injin niƙa, wadda kuke kira Mama tun kuna rarrafe. Ta taso Ɗanƙarami ga-ruwa a gaba da kurarsa, bido goma sha biyu, ko ɗaya ba ya kan igiya. Wai baƙin taron Zumuntar Mata ne suka sauka gidanta, ba su yi wanka ba. Godiya ta rusuna ta gaishe ta, ta ce Mama a yi haƙuri a sa a ƙarshe, in ruwa ya ɗauke kafin a zo kanki zan ba ki ukun gidanmu. Ka ji tarbiyya. Ita kuwa a gaban mata sun fi talatin ta ce, "Ke ƴar jiya, a hannuna aka yanke miki cibiya, yau ke za ki sa ni layi? Uwarki ma da igiyar awakinta ba ta isa ba." Ta shiga gida ta ɗauko wuƙar yanka albasa, ta datse igiyar wuri uku.

Ka san bido duk kala ɗaya ne, igiyar ce kaɗai ta san na gaba da na baya. Tana tsinkewa aka cakuɗe. Wadda ta kwana biyu tana jira ta ga ta ɗazu ta wuce ta. Ramlatu ta kama wuyan rigar Fati, bokiti ya tashi sama. Cikin turmutsutsun Rifkatu ta taka santsin bakin famfo ta faɗi, bakinta ya bugi siminti, haƙorin gaba ya fita. A lokacin Godiya ta rungume kan famfo tana ƙoƙarin rufewa, don ruwa na malala cikin rairayi. Da ƴan sanda suka zo, Rifkatu ta nuna ta da yatsa, ta ce ita ta tura ta, ita ta tada rigimar.

Daga hantsi har la'asar ƙanwarka tana zaune a kan bencin komisariya, ofishin ƴan sanda. Na dawo Juma'a na tarar da takardar sammaci a kan tebur. Kalmar da suka rubuta da Faransanci na san ta tun ina kolej, ita malamanmu suke sa wa da jan biro a gefen littafin ƙazamin ɗalibi. Ma'anarta hargitsi. Ni da na rene ku a kan cewa takalmin da aka yar a tsakar ɗaki da ihun da ake yi a titi duk hali ɗaya ke haifar su, yau ni aka kawo wa kalmar nan har gida, da sunan ƴata a ƙarƙashinta.

Ga inda abin ya yi nauyi. Rifkatu ta kai ƙara a kan rauni. Komisar, babban ɗan sandan wurin, ya ce in nan da mako biyu ba ta janye ba, ba a kuma sami mai shaida ba, zai tura maganar gidan shari'a. In aka yanke wa Godiya ko da gargaɗi ne a rubuce, zai hau kan kaziyenta, takardar nan ta kotu mai nuna mutum bai taɓa laifi ba. Ba kaziye mai tsabta, ba konkur, jarrabawar shiga makarantar ungozoma. Ranar goma sha biyar ga Mayu ake rufe karɓar dosiye, takardun neman shiga. Yarinyar nan shekara guda tana jiran wannan rana tun da ta ci bak, jarrabawar gama sakandare.

Na bi gida-gida neman shaida. Ramlatu ta ce ta sunkuya tana gyara zane. Fati ta ce rana ce ta haske mata ido. Ɗanƙarami ya ce yana duba iskar tayarsa. Mata talatin, idanu sittin, kowa ya makance a minti ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: injin Iliya kaɗai ne a nan kusa, kuma kullum yamma tabarmarsa ɗaya da mai unguwa. Tsohuwa Hajja Salamatu ta ƙarshen lungu ce kaɗai ta ce ta ji zagin, ta ji ana cewa ga wuƙa. Amma yanar ido ta rufe mata gani, a komisariya suka ce kunne bai ishe su ba.

Zan rama, Albarka. Na rubuta da hannuna don kada gobe in ce ban faɗa ba. Ba zan zagi kowa ba, ba zan rufe famfo ba, ruwa ba a hana shi ko ga wanda ya cuce ka. Abin da suka zaɓa da bakinsu shi zan ba su, cikakke.

Godiya tana gaishe ka. Ka gaida abokan aikinka, amma ka riƙe bakinka. Ubangiji ya tsare ka.

Mahaifiyarka,
Dibora

Zango, Damagaram
Talata, 30 ga Afrilu

Ɗana Albarka,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci a kan lokaci, ba burodi da shayi kawai ba. Saƙon dabinon da ka ba Tanimu ya iso, an gode. Na kuma gode da ka zauna inda na ce ka zauna.

Ga abin da na yi. Na tattara guntayen igiyar, na nannaɗe, na tura ƙarƙashin gado. Shi ke nan. Duk wadda ta kawo bido ta ce Madam ina zan ajiye, sai in ce inda kika ga dama, ƴar'uwa, filin Allah ne. Talatar da ta wuce da ruwa ya zo na buɗe famfo a kan lokaci, na jawo kujerata bakin zaure, na ɗauko ɗinkina na zauna.

Ranar farko sun yi ƙoƙari, ba zan yi musu ƙarya ba. Ramlatu ta naɗa kanta shugaba, ta jera duwatsu, kowa da dutsenta. Kafin a cika bido goma an fara musu a kan wane dutse ne na wa. Rabin layin ya koma gida ba ruwa. Ranar Juma'a labari ya riga ya kai wasu unguwanni cewa famfon Madam Dibora ba layi, mai ƙarfi shi ke sha. Ƙartin ga-ruwa da ban taɓa gani ba suka zo da kura biyar, suka kewaye famfon da ƙirazansu. Mata suna bayansu suna ihu, su suna dariya. Shi kansa Ɗanƙarami da yake ɗan gida an huda masa bido biyu da ƙusa. Jiya Litinin ya fi duka muni, har rediyon wani mai kabu-kabu ya faɗa cikin kwata.

Ita uwar gayyar fa? Gidanta ya fi kowane gida baki, ta saba aiko da bido tun da wuri igiyata tana yi mata gadi. A kwana ukun nan da ruwa ya zo, abin da ya shiga gidanta bai cika randa ɗaya ba. Bido huɗu nata sun yi ƙafa, ɗaya kura ta take shi ya baje. Ta zo har gabana, ta rufe giɓin haƙorinta da gefen mayafi, ta ce, "Maman Albarka, kina nan zaune, ba ki ga wanda ya kwashe mini bido ba?" Na ce, "Ayya, Maman Yohana, ina zura zare a allura a lokacin." Ta tsaya tana kallona, ni ma ina kallonta. Ɗana, ba zan ɓoye maka ba, rabona da jin daɗin tuwo irin na ranar tun kafin rasuwar babanka.

Kada ka ji tausayinta. Lahadin farko bayan abin, a bencin gaba ta zauna da hankici a baki, ta miƙe ta roƙi ikilisiya ta yi addu'a domin yaran zamani da ba su san babba ba. Aka yi addu'ar, Godiya tana zaune kusa da ni, kanta a ƙasa, har da amin ɗinta. Wannan amin ɗin nake rama wa.

Asabar Ramlatu da Fati suka yo sallama, wai matan lungu ne suka aiko su. Fati idonta a kumbure, Ramlatu ba murya. Suka ce don Allah Madam a maido da igiya, yara kwana biyu ba wanka, ana sayen ruwa daga nesa. Na ce wace igiya? Suka ce wadda aka yanke. Na ce au, yanke ta aka yi? Wa ya yanke? Ramlatu ta shiga gyaran zane, kamar dai waccan ranar. Na ce to ni ma ina Zermu, ban san komai ba, in kun tuna ku biya ta komisariya sannan ku dawo mu yi maganar igiya.

Baba Fasto ma ya zo. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo masa ruwan randa, na gaya masa na cikin ukun gidanmu ne, don ni har yau uku nake ɗiba ko da ba mai ƙirga mini. Ya yi mini doguwar nasiha a kan yafiya. Na saurara har ya gama, don babba ne. Na ce Baba, a shirye nake in yafe, amma me zan yafe? An ce ba abin da ya faru. Ba wuƙa, ba zagi, ƴata ce mai laifi. A faɗi sunan abin tukuna. Ya ce amma lungu duka kike horarwa saboda mace ɗaya. Na ce lungu duka ne ya yi shiru. Ya shanye ruwansa ya tafi, ya ce zai yi magana da Dattijo. Har yau ina jira.

Abin da ba ya mini daɗi ɗaya ne, ƙanwarka. Ba ta cin abinci sosai. Tana shiga ɗaki ta jera littattafanta, ta rushe, ta sake jerawa. In ruwa ya zo ba ta leƙowa, sai dai ta ɗebi bokiti daga namu ta zagaya ta baya ta kai wa Hajja Salamatu. Ta ce mini Mama ko mu bari kawai, shekara mai zuwa ma akwai konkur. Na ce takardar da ta ɓaci bana ba ta wankuwa baɗi. Mutum ba ya sayen zaman lafiya da sunansa.

Wa'adin komisar yana cika ranar Litinin. Ka yi mana addu'a, amma kada ka roƙi Allah ya sanyaya mini zuciya, da sauran aiki.

Ka gaida mai gidan da kake haya da iyalinsa.

Mahaifiyarka,
Dibora

Zango, Damagaram
Juma'a, 3 ga Mayu

Albarka ɗana,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Wasiƙarka ta zo. Ka ce na wuce gona da iri. Da jiya da safe ta iso da na yi maka amsar da ba za ka manta ba. Da yamma ta iso, don haka ka saurara.

Jiya Alhamis Godiya ta tafi komisariya, an kira ta ta sake maimaita bayaninta. Ba ta nan ruwa ya zo, ni kuma ban tuna da bokitin Hajja ba, hankalina yana kan kallon Rifkatu da ta fito da kanta tana kokawa da ƙarti. Tsohuwar ta ji ƙarar ruwa, ta ga ba wanda ya zo, ta lallaɓo da ƙaramar tulunta tana laluben bango. Ɗanƙarami ya ja kurarsa da baya don ya kauce wa wani, ƙarfen ya buge ta. Ta faɗi a kan hannu. Ina zaune a kujerata, tsakanina da ita taku goma, na ga komai.

Mai unguwa ya zo, daidai da dawowar Godiya. Ya ce Madam, ke kike zaune a nan, wa ya buge ta? Wallahi amsar da nake ba kowa kwana goma tana kan harshena, a shirye, har na buɗe baki. Sai na ga ƙanwarka tana kallona daga inda ta durƙusa ta tallafe kan tsohuwar. Na ce kurar Ɗanƙarami ce, da baya ya ja, ba da gangan ba, amma shi ne, kuma a idona.

Ni na goya ta zuwa wurin mai ɗori. Wuyan hannu ne ya karye. Ana ja tana salati, da aka gama ɗaurewa ta juyo inda take jin numfashina ta ce, "Madam, ramuwarki ta yi kyau, sai dai ta ɓata hanya. Gidan Rifkatu yana can gabas, ni ce a yamma." Mai ɗori ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kada ka ɗauka na sauko. Igiya tana nan ƙarƙashin gado. Amma jibi in ruwa ya zo ba kujera zan jawo ba, a tsaye zan kasance, kuma duk wadda ta haura sittin ni zan cika mata da hannuna kafin ƙato ɗaya ya matso.

Saura kwana uku. Ka ci gaba da zama inda kake.

Mahaifiyarka,
Dibora

Zango, Damagaram
Talata, 14 ga Mayu

Zuwa ga ƙaunataccen ɗana Albarka,

Gaisuwa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya jiki, ya haƙuri da mu? Na san ka ƙagu, kuma Godiya ta riga ta gaya maka ƙarshen a waya, amma ba ta san ba da labari ba, rabinsa kuka take.

Da na ambaci sunan Ɗanƙarami, mai unguwa ya kira shi zaurensa washegari a kan hannun Hajja. Mutumin ya ga shi kaɗai za a rataya wa laifi, ga bidonsa a hude, ga ƙartin wasu unguwanni sun ƙwace masa famfo. Sai ya ce to in yanzu faɗin abin da aka gani ake yi, shi ma yana da nasa. Ya ce shi ya turo wa Rifkatu kura ranar, wuƙar mai baƙin ƙota ce, a gabansa aka yanke igiya, kuma lokacin da matar ta faɗi, yarinyar tana rungume da famfo, hannunta biyu a kan ƙarfe. Dattijo Iliya yana zaune a tabarmar. An ce mini sai da ya cire hularsa ya share zufa.

Sauran aikin Hajja ce ta yi shi daga kwance. Matan lungu suna zuwa dubiya ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce sannu Hajja, ita kuma ta ce wace ce, Ramlatu? Matso in taɓa idonki in ji ko irin nawa ne. Ta ce wa Fati ita makauniya ta je ta faɗi abin da kunnenta ya ji an kore ta, masu ido kuma suna gida suna ajiyar nasu don niƙan dawa. Litinin da safe mata bakwai suka saka mayafi suka bi Ɗanƙarami zuwa komisariya. Kafin azahar Rifkatu ta janye ƙararta. Komisar ya ce mata ta gode wa Allah da ba a juya takardar a kanta ba, ya tambaye ni ko ina so a juya. Da gangan na bar ta tana jira, ina kallonta. Sannan na ce a'a, nawa hukuncin a bakin famfo yake.

Dattijo ya aiko Baba Fasto, wai a haɗu a ofishin coci a rufe ƙofa a sasanta. Na ce ba a ofis aka zage ta ba. Na ba da sharaɗi: sabuwar igiya daga hannun Rifkatu, ita za ta zura ta da kanta, nata bidon a ƙarshe, kuma ta ba Godiya haƙuri a inda ta kira ta ƴar jiya.

Laraba aka yi. Bido sun fi tamanin, rana ta take, ni ina tsaye ina kiran suna, ita tana sunkuye tana zurawa. Ta yi kuskure a na Fati, na ce a zare a sake. Da ta kai ƙarshe ta ɗaura nata uku, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu. Ta dubi Godiya ta ce, "Ƴata, na yi miki ƙarya, ki yafe mini." Na ce ban ji ba, kuma na tabbata na bayan layi ma ba su ji ba. Ta sake faɗa da ƙarfi, iska tana fita ta giɓin. Godiya ta ce ba komai Mama, ta fashe da kuka, ta ruga gida. Ruwan ya ɗauke saura gida biyu a zo kan Rifkatu. Ban ba ta ukun gidanmu ba. An yi mata wannan tayin sau ɗaya, ta amsa da wuƙa.

Kaziye ya fito Juma'a, fari tas. Jiya na raka ƙanwarka ta ajiye dosiye, na tsaya har aka buga hatimi a kan rasit, na karɓa na sa a akwatin takardu. Yanzu saura karatu, wannan kuma tsakaninta da Allah da kanta.

A hanyar dawowa ta gaya mini wata magana da ban so ji ba. Ta ce Mama, zaman bencin komisariya bai ba ni tsoro kamar fuskarki a kan kujerar nan ba. Na ce ta yi mini shiru, ta kula da mota. Amma na ji. A kan Rifkatu ba na nadamar komai, gobe aka sake zan sake. Na yafe mata a gaban Fasto kamar yadda na yi alkawari, ina amsa gaisuwarta, sai dai geronmu ya daina shiga injin mijinta, unguwar Birni ake kai shi ko da nisa. Hannun Hajja kuwa nawa ne. Ni ke yi mata tuwo, ni ke yi mata wanka, har ranar da za a kwance ɗorin. Tana zagina ina cuɗa mata baya, kuma tana da gaskiya.

Yanzu kana iya zuwa. Ka nemi hutun ƙarshen wata, ka zo da kayan gida, ka fara shiga wurin Hajja kafin ka shigo nawa. Godiya tana gaishe ka, Larai ta aiko daga Zermu tana gaishe ka, Tanimu ya ce ka daina ba shi saƙo ba goro. Ubangiji ya kawo ka lafiya.

Abu na ƙarshe. Na tara gidan na faɗa, na rubuta a takarda na manna a bayan ƙofar falo, kai ma ya hau kanka, da matar da za ka aura, da ƴaƴan da za ku haifa. Duk ɗan gidan nan da abu ya faru a gabansa, aka tambaye shi, zai faɗi abin da idonsa ya gani, ko a kan dattijon coci ne, ko a kan mai ba shi abinci, ko a kaina. Wanda ya ce yana gyaran zane, ranar ba zai ci tuwon gidan nan ba. Sunana ne na farko a ƙarƙashin dokar.

Mahaifiyarka,
Dibora Amos